Yadda ake ɗinka kuben fistol na fata ya zauna daram

Duk badukun da ya iya kuben wuƙa zai iya na fistol, wato ƙaramar bindigar hannu, amma fa sai ya kula, don wannan a ƙugun jami'in tsaro zai wuni, in ya saki bindiga ta faɗo, in kuma ya matse da yawa a kasa zarowa lokacin da ake buƙata.

Fara da fata, nan ne rabin aikin. Kirgin shanu za ka nema mai kaurin milimita 3 zuwa 3 da rabi, wanda aka jeme da bagaruwa. Jar fatar akuyar Sakkwato tana da kyau ba musu, amma ta yi laushi, sai dai a yi shafi da ita daga ciki. Ita kuwa fatar kamfani da ake jemewa da sinadarin kurom wallahi ka bar ta, ko ka jiƙa ba ta riƙe siffa, kuma gishirin da ke cikinta yana iya sa ƙarfe tsatsa.

Kafin ka taɓa komai mai bindigar ya cire magazin, wato gidan harsashi, ya ja saman bindigar baya ya nuna maka ba harsashi a ciki, ku duba ku biyu. Sannan ka kwantar da ita kan kwali ka zana, ka bar rarar kamar santimita 2 a gefen ɗinki, zanen kuma dole ya rufe wajen kunama ruf, mariƙin kaɗai zai leƙo. Ka yanka, ka fara ɗinka madaurin bel tukuna don in ka ninke hannu ba zai shiga ba, sai gam a baki, ka huda da basilla, ka yi ɗinkin allura biyu da zaren da ka goga wa kakin zuma.

To yanzu wajen fitar da siffa, nan ake gane gwani. Ka tsoma kuben a ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba tafasasshe ba don zai ƙanƙance ya yi tauri ya tsage, daƙiƙa kaɗan sun isa, ka ajiye har launin ya fara komawa yadda yake amma in ka taɓa da sanyi. Ka naɗe bindigar da leda, ka manna siririn tsinke da salatif a samanta tun daga saitin gaba, wato ɗan tsinin da ke saman bakin bindigar, shi zai bar hanyar da saitin zai bi ba tare da ya kankare fata ba. Ka cusa ta a hankali, ka bi da babban yatsa kana dannawa, sannan ka ɗauko ƙaho ko ƙashi mai sulɓi ka bi kowane lungu har layukan su fito. Wajen zoben da ya kewaye kunama kaɗan za ka danna, daidai yadda zai kama, kar fata ta shige ciki ta taɓa kunamar.

Zare bindigar a goge ta da mai, kuben kuma a inuwa zai kwana ya wuni, ban da rana ban da bakin murhu, balle lokacin hunturu da iska ke busar da abu nan take. Man da za ka shafa wa kuben kuma ɗan kaɗan, ina roƙonka, kube mai laushi bakinsa na lanƙwashewa ciki lokacin mayar da bindiga, kuma haɗarin ke nan. In ya bushe ka sa ta ba harsashi, ka kifa a kan katifa ka ɗan girgiza, in ta zame sai a sake jiƙawa a matse.