Yadda ake shiga karatun tattalin arzikin noma a Saudiyya, da abin da za a nema a wajenka kafin ka fita da digiri

Duk shekara in sakamakon sanawiyya, wato babbar sakandare, ya fito, yaranmu na Makka da Jidda da Madina abu uku dai suke hari, likitanci, injiniya, kwamfuta. In nisba, wato makin shiga jami'a, ba ta kai ba shikenan sai yaro ya zauna a gida ko ya shiga duk inda aka jefa shi. Akwai wani fanni da ba a cika waiwayarsa ba, iktisad zira'i, wato tattalin arzikin noma da albarkatun ƙasa, kuma da ka ambace shi a majalisa sai wani ya ce to shi yaron da aka haifa a Shari' Mansur ina ya san fartanya? Jama'a babu fartanya a ciki. Lissafi ne da ƙididdiga da kasuwa, sannan a ƙasar nan musamman maganar ruwa ce. Wanda ya guji lissafi ya zo nan don ya huta, to ya ɓata hanya, gara in faɗa tun yanzu.

Abu na farko ka san inda ake karanta shi, don ba a unguwarmu yake ba. Babban wajen shi ne Jami'ar Malik Sa'ud da ke Riyad, wadda aka kafa a 1957, a cikin kulliyar kimiyyar abinci da noma akwai sashe guda na tattalin arzikin noma. Sai Jami'ar Malik Faisal a Ahsa, garin dabino, ita ma tana da kulliyar noma da abinci, sannan akwai Jami'ar Kasim can wajen Buraida. Ka kula da suna, wani wajen za ka ga an rubuta iktisad tadbiki, wani wajen a'amal zira'iyya, kada ka wuce don ba ka ga kalmar da kake nema ba, ka buɗe jadawalin darussan ka duba abin da ke ciki. Daga Makka zuwa Riyad kusan kilomita 900 ne, don haka maganar masauki da abinci da kuɗin mota a zauna a yi ta da Baba tun kafin a cike komai. Ke kuma ƙanwata, ki duba littafin sharuɗɗan kabul, wato karɓar ɗalibai, na shekarar ki ga ko an buɗe sashen a ɓangaren 'yan mata a jami'ar da kike so, don ba kowane sashe ake buɗewa ɓangare biyu ba.

Shirin gaskiya daga sanawiyya yake farawa. Tun 2021 aka koma tsarin masarat, shekarar farko kowa tare, daga ta biyu a rabu gida biyar: na gama-gari, na lafiya, na kwamfuta da injiniya, na kasuwanci, da na shari'a. Kulliyar noma kulliyar kimiyya ce, to ka tsaya a inda ake yin lissafi da kimiya da ahya, wato ilimin halittu, da fiziya sosai. Da yawa suna ruɗuwa su ce ai tattalin arziki ne bari in bi ɓangaren da babu kimiyya, sai ranar cike fom su tarar ƙofar ba ta buɗe musu ba.

Sai jarabawowi biyu na cibiyar Kiyas, waɗanda ake shiga jami'a da su. Kudurat tana da ɓangaren lafzi da na kammi, yani fahimtar harshe da saurin lissafi, ana fara yin ta tun aji biyu kuma ana maimaitawa, a ɗauki mafi girman maki. Tahsili kuma a aji uku ake yi, daga ahya, kimiya, fiziya da lissafi na shekarun sanawiyya duka. Kowacce a kan 100 take. Daga nan ake fitar da nisba mauzuna, wato haɗakar makin sanawiyya da na jarabawowin biyu, kuma tsarin da aka saba da shi a Riyad ga kulliyoyin kimiyya shi ne kashi 30 sanawiyya, 30 kudurat, 40 tahsili. Wasu jami'o'in suna ɗan juya kason, amma bari in nuna maka abin da wannan ke nufi, don a nan iyaye suke shan mamaki.

A ce yaro ya fito da 95 a sanawiyya, an yi walima an raba lemo, amma kudurat 78, tahsili 70. Lissafinsa 28.5 da 23.4 da 28, jimla 79.9. Wani kuma sanawiyyarsa 88 ce kawai ba wanda ya yi masa guɗa, amma kudurat 85, tahsili 85, shi kuma 26.4 da 25.5 da 34, jimla 85.9. Ka ga na biyun ya wuce na farko da maki shida cur, kuma a wajen kabul maki shida tazara ce mai nisa. Shi ya sa nake ganin duk wanda yake aji uku ya ba tahsili lokacinta daban kullum, ko da awa ɗaya ce bayan isha'i, kada ya bar ta sai saura mako biyu ya fara neman tajmi'at, tarin tsofaffin tambayoyi, a Telegram.

Yanzu maganar da ta fi damun mutanenmu, takardu. Mu nan kashi-kashi muke. Wanda yake da jinsiyya, wato ɗan ƙasa, da wanda mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, layinsu ɗaya wajen kabul, suna nema ta dandalin Kabul na ma'aikatar ilimi, karatu kyauta, kuma ɗalibin kimiyya ɗan ƙasa yana karɓar mukafa'a ta kusan riyal 1000 a wata. Wanda yake zaune da igama, takardar zaman baƙo, shi hanyarsa minha dakhiliyya ce, wato gurbin karatu na baƙin da ke cikin ƙasa, wanda kuma yake Kano ko Zinder ko Kumasi yana son zuwa, tasa minha kharijiyya, kuma dandalin da aka buɗe wa baƙi a 2022 shi ne Idrus fis Sa'udiyya. Minhar ma iri-iri ce, akwai ta kyauta gaba ɗaya, akwai wadda ake ɗauke maka wani ɓangare, akwai wadda kai za ka biya, to ka karanta wacce aka ba ka kafin ka fara murna. Sharuɗɗan da aka saba gani ga digirin farko su ne shekaru tsakanin 17 da 25, shahadar sanawiyya kada ta wuce shekara biyar da karɓa, gwajin lafiya, kuma kada a taɓa korarka daga wata jami'ar ƙasar. Mai igama dole ta zama tana da rai, fasfo ma haka.

Guraben minha kaɗan ne, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, nisbar da za ta shigar da ɗan ƙasa ba lallai ta shigar da kai ba, sai ka ɗora a kanta sosai. Amma fa cunkoson da ke ƙofar likitanci da injiniya ba shi ne a ƙofar noma ba, kuma wannan dama ce ga mai hankali.

Abu ɗaya da yake kayar da yaranmu a banza shi ne sabanin suna. A fasfo Abubakar, a igama Abu Bakr, a shahada Bakur, ko ranar haihuwa ta hijiriyya da ta miladiyya ba su dace ba. Ku gyara wannan tun yaro yana aji biyu, don in lokacin takdim, wato miƙa takardu, ya zo kwanaki ne ƙalilan kuma ba wanda zai jira ku. Wanda ya yi sakandare a waje, WAEC ko NECO ko bakaloriya ta Nijar, sai an fassara shahadar zuwa Larabci an buga mata tambarin tasdiki, sannan a yi mata mu'adala, wato a daidaita ta da sanawiyyar Saudiyya. Wanda Larabcinsa bai nuna ba kuma akwai ma'ahad na koyon harshe da ake fara bi, don yawancin darussan sashen da Larabci ake yi, littattafai da manhajoji kuma rabi Turanci, harshen biyu duk za ka buƙace su.

To an karɓe ka, mabruk. Digirin shekara huɗu ne, mustawa, wato zangon karatu, takwas, ana lissafa shi da sa'o'in karatu. A Riyad an saba farawa da shekarar haɗaka, sana ula mushtaraka, Turanci da lissafi da ƙididdiga da kwamfuta da dabarun karatu. Yara suna raina ta su ce ai maimaicin sanawiyya ne, alhali makinta yana shiga mu'addal ɗinka, wato matsakaicin makinka na jami'a, kuma zai bi ka har ranar fita. Bayan ita darussan kusan hawa uku ne. Akwai na jami'a da kowa ke yi, sakafa Islamiyya da Larabci. Akwai na kulliya, inda za ka ɗan taɓa ilimin shuka da kiwo da ƙasa da ban ruwa, don ba zai yiwu ka lissafa ribar gonar da ba ka san me ciyawar alfalfa ke sha ba. Sai na sashe, waɗanda su ne ainihin sana'ar: iktisad juz'i da kulli (tattalin mai saye da mai sayarwa, da na ƙasa baki ɗaya), ƙididdiga, iktisad kiyasi (auna tattalin arziki da alƙaluma), tafiyar da gona, kasuwancin amfanin gona, bashi da jarin noma, cinikin ƙasa da ƙasa, siyasar noma, dirasat jadwa (binciken ko aiki zai mayar da jarinsa), da tattalin albarkatun ƙasa da muhalli.

Ka riƙe wannan sarƙar da kyau: lissafi yana buɗe juz'i, ƙididdiga tana buɗe kiyasi. In ka faɗi na farko tsarin rajista ba zai bar ka ka ɗauki na gaba ba, wani darasin kuma sau ɗaya ake buɗe shi a shekara, faɗuwa ɗaya sai ta ci maka shekara. Iktisad kiyasi shi ne inda ake kuka. A nan za a ba ka farashin tumatir na shekaru da yawan abin da aka saya, a ce ka fitar da yadda mutane ke rage saye in farashi ya tashi, kuma ka nuna cewa abin da ka samu ba dace ba ne kawai. Ka fara sabawa da Excel tun shekarar farko, daga baya SPSS ko EViews ko R, duk wanda daktur ɗinku ke amfani da shi.

Darasin da ni na fi ganin darajarsa shi ne na albarkatun ƙasa, saboda misalinsa mafi girma a ƙasar nan ya faru. Daga ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta riƙa sayen alkama daga manoma a kan riyal 3.5 kilo ɗaya, farashin da ya ninka na kasuwar duniya sau da yawa. Mutane suka haƙa rijiyoyi masu zurfi a Kasim da Ha'il da Wadi Dawasir, waɗannan gonakin masu da'ira da kake hangowa daga jirgi, har a farkon shekarun 1990 noman ya kai wajen tan miliyan 4 a shekara, ƙasar da ba ta da kogi ko ɗaya ta zama mai fitar da alkama waje. Sai dai ruwan da ake zuƙowa tsohon ruwa ne da ya taru a ƙarƙashin ƙasa tun shekaru dubbai, ruwan sama ba ya mayar da shi, kamar kuɗin gado ne da ake ta cira ba a sakawa. A 2008 aka yanke shawarar rage sayen da kashi 12.5 duk shekara har aka tsaya a 2016. Manomi bai yi asara a littafinsa ba, ƙasa ce ta biya, kuma aikin da ake koya maka shi ne ka iya sa wa wannan ruwan farashi a takarda kafin a haƙa rijiyar. Za ka haɗu da ƙa'idar Hotelling ta 1931 a kan yadda ake cin arzikin da ke ƙarewa, kamar fetur, da lissafin darajar kuɗin gobe a yau, misali riyal 100 na baɗi in ribar kashi 5 ce bai wuce riyal 95 da 'yan halaloli a yau ba. Da wannan lissafin ake gane ko dasa dabino, wanda sai ya yi shekara huɗu ko biyar kafin ya fara haihuwa, zai mayar da jarinsa.

Dokokin zama a jami'a kuma ba wasa. Cin darasi 60 ne cikin 100. Mu'addal a kan 5 ake yi a Riyad da Ahsa, kuma ba za ka fita da digiri ba in bai kai 2 ba. In ya sauka ƙasa da haka inzar ne, wato gargaɗi, inzar uku a jere kuma ana iya sallamarka, ɗan minha ma abin ya fi tsanani a kansa don gurbin nasa a kan sharaɗi yake. Fashin aji in ya wuce kashi 25 hirman ne, ba za ka shiga jarabawar ƙarshe ba ko da kai ne gwanin ajin. Wannan na faɗa ne musamman don 'yan Makka, na san lokacin Umrar Ramadan da Hajji akwai aikin da ke kawo kuɗi, ka lissafa ranakunka kafin ka hau mota. Mai son martabat sharaf ta farko sai 4.75 zuwa sama, ta biyu daga 4.25, kuma ba a so ka taɓa faɗuwa ko darasi ɗaya.

A ƙarshe akwai tadrib, wato horon aiki, da mashru'in kammalawa, wato binciken ƙarshe. Kada ka jira sashe ya nema maka wajen tadrib, fara tambaya tun mustawa na shida. Ɗan ƙasa yana iya hararar ma'aikatar muhalli da ruwa da noma ko asusun bunƙasa noma, mai igama kuma ya san aikin gwamnati ba nasa ba ne kuma sa'awada, wato tsarin ware ayyuka ga 'yan ƙasa, ta shiga kamfanoni, don haka ya karkata wajen manyan kamfanonin abinci irin su Almarai da Nadec, da masu shigo da shinkafa da dabbobi ta tashar Jidda, da ofisoshin da ke rubuta dirasat jadwa. Mashru'in ma ka zaɓi abin da kake da hanyar samun alƙalumansa, farashin raguna kafin layya ko cinikin dabino a kasuwar Buraida, ya fi ka ɗauko babban take ka rasa bayanai.

Wanda minha ba ta fito masa ba, fannin yana nan a gida, ABU Zariya da Jami'ar Bayero duk suna yi, sai dai can shekara biyar ne ta hanyar JAMB, da kiredit biyar ciki har da Turanci, lissafi, kimiya da ahya ko ilimin noma. Shahadar sanawiyyar Saudiyya sai an kai ta ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja an tantance ta, don haka kafin ka bar nan ka karɓi asalinta da kashfin darajat, takardar makin darussa, na shekara ukun, a buga musu tambari a fassara su zuwa Turanci.