Yadda za ka gyara irin masararka da kanka ya riƙa jure fari da gajiyar ƙasa

Ƴan uwa manoman Tawa, musamman masu fadama wajen Ƙonni, Madawa, Galmi da kwarin Majiya, yawancinmu in za a cire iri sai an gama girbi an tara masara tsakar gida, sannan a tsinci manyan goyo a rataye. To wanga goyo da ya fi kowa girma, sau da yawa ba jininshi ba ne mai kyau, wuri ya samu, ko gindin gawo ya fito ko inda shanu suka kwana ko bakin layi inda babu mai takura mai. Ka shibka ɗiyanshi baɗi ruwa ya ɗauke kwana 15 cikin watan takwas sai ka ga sun kwanta kamar kowa. Irin da ke jure wahala cikin gona ake zaɓenshi, karan na tsaye, lokacin da yake shan wahalar.

Amma fa mu gane, masara ba hatsi ba ce. Duk gyaran da ka yi mata ba za ta yi bisa jigawa ba. Maganar fadama muke da garka.

Abin farko, ka san irin da ke hannunka. In na aure ne, wanda malaman gona ke ce ma ibirid, ka bar wanga aiki, ɗiyanshi ba su biyo shi, shekara ta biyu za ka ga gona wani dogo wani gajere kuma amfanin ya ragu. Nemi irin da ke barbara da kanshi a fili, ko naku na gado da ya saba da wurin, ko na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, irin su P3 Kollo, ko masu saurin nuna da IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, ta fitar masu kwana 80 zuwa 90. Wanda ke shigowa daga Najeriya da sunan SAMMAZ, na cibiyar Samaru ta Zariya, akwai na aure cikinsu akwai wanda ba na aure ba, sai ka tambaya da kyau kafin ka ba da kuɗinka, kar ka tsaya ga hoton da ke jikin leda.

Sai wuri. Ware metir 20 bisa 20, layi da layi santimetir 80, rami da rami 50, kara biyu kowane rami, zai ba ka wajen kara 2000. Ya yi nisa da masarar maƙwabci kamar metir 200 ko fi, don iska ke ɗaukar garin fure ta kai ma wata gona. In babu halin nisan, wanda a fadamunmu da wuya a samu tunda gona na jikin gona, to ka raba lokacin shibka da su da sati uku ko huɗu don kada ku yi fure tare. Kuma kada ka zaɓi wurin da ya fi ko'ina ƙarfi. Ɗauki wanda ya ɗan gaji, ka sa rabin takin da ka saba sawa, so ake masu rauni su nuna kansu.

Masu motopom ku kun fi kowa sa'a a nan, don ba sai kun jira fari ya zo ba, ku za ku kawo shi. Haka ma masanan CIMMYT, cibiyar binciken masara da alkama ta duniya, suka yi a Meksiko tun shekarun 1970 da wani iri nasu Tuxpeño Sequía, da rani suke shibkawa lokacin da babu ruwan sama, su yanke ban ruwa dab da fure, su zaɓi masu jurewa, suka yi ta maimaitawa har zagaye takwas. Daga irin wanga aiki ne porjen DTMA na samar da masara mai jure fari ya fito, wanda CIMMYT da IITA suka yi a ƙasashe 13 na Afirka har da Najeriya, Benin, Mali da Gana, ya ƙare a 2015. Kai ma shibka cikin watan 11, kana ba da ruwa yadda ka saba, in ya rage kamar sati biyu ta fitar da furen kai sai ka tsayar da ruwan, ka bar ta da ƙishi har gemu ya gama fita sannan ka mayar. Kada ka makara da shibka har furen ya faɗa cikin zafin watan uku da na huɗu, zafin nan na kashe garin fure, sai ka ɗauka fari ne ya yi ɓarnar alhali ba shi ba ne.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma nan ne mutane ke kasawa don yana son shiga gona kullum da safe wajen kwana goma. Masara fure biyu gare ta, namiji a kai mai zubo gari rawaya, macen kuma ita ce gemun da ke fita bakin goyo, kowane zare guda na gemu ƙwara guda ne in garin ya faɗa mai. Idan ƙishi ya kama ta, na kai yana fita kan lokacinshi abinshi amma gemu sai ya yi ta jinkiri, garin kuma kamar sati guda ne yake zuba ya ƙare, in gemu ya fito bayan nan babu abin da zai tarar, shi ya sa kake ɓare goyo ka ga totuwa da ƙwara biyar nan shida can, wani ma fayau. To karan da gemunshi ya fito rana ɗaya da zubar garin ko bai wuce kwana biyu uku ba duk da ƙishin, shi ne naka, ɗaura mai jan ƙyalle. Ka leƙa kuma da tsakar rana, wanda ganyenshi ya naɗe tun hantsi ya yi toka-toka ka wuce shi. Masu ciwo da raunana ƙwarai ka zare masu furen kai tun bai fara zuba ba, don kada su ba sauran jini.

Na gajiyar ƙasa ma da ido ake gani. Ganyen ƙasa ne ke fara yin rawaya daga baki ya bi jijiyar tsakiya, wannan yunwar takin ure ce. In kuma ganyen ƙaramar masara ya yi shuɗi-shuɗi da ja a gefe, fosfat ne babu, ciwon ƙasarmu kenan gaba ɗaya, ga shi kuwa akwai dutsen fosfat ɗin a nan jihar Tawa. Wanda ya riƙe koren ganye har goyo ya cika alhali na kusa da shi sun bushe, ƙara mai farin ƙyalle. Daɗin abin, masanan sun lura irin da aka zaɓa don fari yakan fi jure ƙarancin taki ma.

Ranar girbi kar ka bi gonar kana tsintar masu kyau ko'ina, sai ka koma gidan jiya. Raba ta ƙanana-ƙanana da igiya, kowane yanki kamar kara 40, ka cire huɗu mafi kyau cikin kowane, ko yankin lalatacce ne ko mai kyau. Layin gefe bar shi, da karan da na kusa da shi ya mutu ya samu fili shi kaɗai, da na kusa da suri. Masu ƙyalle biyu su ne gaba, in karan bai faɗi ba, goyo ya cika har baki, ɓawo ya rufe shi ruf, tsutsa ba ta huda ba. Za ka tashi da goyo wajen 200. Kada rowa ko ƙiwa ta sa ka ce goma mafi kyau sun isa, masara ba ta son auren dangi, in goyon ya yi kaɗan shekara biyu uku iri ya tsumbure.

Shanya a inuwa mai iska har ƙwara ta riƙa ƙas a haƙori. Murje tsakiyar goyo kawai, kai da gindi a kai ma kaji, kuma kowane goyo ka ɗebi daidai da na ɗan uwanshi ka gauraya. Zuba cikin bido mai murfi ko buhun PICS mai gida uku ka ɗaure tam. Kafin shibka ɗebi ƙwara 100 ka sa cikin jiƙaƙƙen rairai, in 85 ko fi sun tsiro babu laifi.

Baɗi daga wanga iri za ka sake yin filin zaɓe, ragowar ka shibka babbar gona. Shekara guda ba ta nuna komai sosai, sai an kai uku ko huɗu. Ka ajiye tiya guda ta irin da ka fara da shi cikin bido daban, kowace damina ka sa layi biyu nashi gefen layi biyu na sabon, taki ɗaya rana ɗaya, nesa da filin zaɓe, ka auna abin da kowanne ya ba da da tiya ka rubuta.