Lissafin da za ka yi kafin ka ƙara ma'aikata a masana'antarka

Mai ƙaramar masana'anta a Sharaɗa ko Dakata, mai yin leda ko ruwan leda, yakan kai wani mataki da aiki ya yi wa yaransa yawa amma yana tsoron ƙara mutum. Tsoron yana da dalili, domin doka tana ƙara nauyi ne a kan wasu adadi, kuma biyu ne suka fi muhimmanci: 15 da 25.

Idan ma'aikatanka suka kai 15, Dokar Fansho ta 2014 ta hau kanka. Kai za ka zuba kashi 10 cikin ɗari, a cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, a tura wa kamfanin fanshonsa cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Jinkiri yana jawo tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da ba a tura ba a kowane wata. Ga kuma inshorar rai ta ma'aikata, wadda dole ta kai ninki uku na albashin shekara, kuma ita ce aka fi mantawa da ita.

A kan 25 ne mafi ƙarancin albashi na ƙasa yake kama ka, wato naira 70,000 tun daga 2024. Naira 71,000 da Gwamnatin Kano ta sanar a shekarar ta ma'aikatanta ce, kada ka rikita su. Masu aikin jinga, masu karɓar kamasho da masu aikin gona na lokaci-lokaci ba sa cikin wannan.

To, yi lissafin da biro. Mutum ɗaya a kan 70,000, in duk kuɗin ya shiga lissafin fansho, naka kason 7,000 ne. Ƙara kashi 1 cikin ɗari na NSITF, asusun biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki, wato 700. Ka ga ya koma 77,700, ba a sa inshora ba. Wanda yake biyan mutum 24 naira 50,000 kowanne, ranar da ya ɗauki na 25 ba albashi ɗaya ya ƙara ba, na kowa ne zai tashi: daga 1,200,000 zuwa 1,750,000 a wata. Nan ne ake cijewa, a tsaya a 24 shekara da shekaru, injin yana zaune da daddare, oda tana wucewa.

Dabarar da aka saba yi ita ce a riƙe mutum a matsayin lebura na wucin gadi, ba takarda, ana ba shi kuɗi a hannu duk Asabar. A ganina arha ce mai tsada. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa, kuma ranar da injin ya cire wa wani yatsa, rashin takardar ba zai kare ka a Kotun Ma'aikata ba. Ka rubuta aikinsa, albashi, lokutan aiki, hutu da wa'adin sallama, ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.

Sallama ba ta da wahalar da mutane suke zato. Wa'adin kwana ɗaya ne ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu zuwa ƙasa da shekara biyar, wata ɗaya daga biyar zuwa sama. Hutun shekara aƙalla kwana shida ne na aiki bayan wata 12. Mace tana da mako 12 na haihuwa, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aiki.

In kasuwa ta ja baya har za ka rage mutane, sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu dalili da adadi, sannan ka fara da wanda ya zo ƙarshe a cikin masu aiki iri ɗaya, sai dai in ƙwarewa da riƙon amana sun bambanta su a fili.