Darasi na 7: Idan Cok Yana Rawa a Injin Gurzar Katako

Cok shi ne ƙarfen nan mai haƙora huɗu da ake ɗaurawa a bakin shaf, wato sandar ƙarfen da inji ke juyawa, ya damƙe katako yayin da inji ke juyawa. Idan yana rawa, kurfi zai riƙa tsalle a hannunka, akushi ya fito da gefe ɗaya mai kauri, ɗaya siriri. Wani lokaci katakon ya kufce ya yi kan mai aiki. Da yawa kan ɗora laifin a kan cok su sayi sabo, alhali shi ne na ƙarshe da ya kamata a zarga.

Da farko bambanta rawa da girgiza. Idan inji duka yana girgiza da katako a kai, amma ya natsu da an sauke katakon, nauyin itacen ne ya rinjayi gefe ɗaya, ko kuma ƙafafun injin ba su zauna daidai a ƙasa ba. Rage gudu. Akushi mai faɗin inci 10 da ya riga ya zama da'ira ana gurzarsa tsakanin juyi 600 da 900 a minti, wanda ba a daidaita ba kuwa a fara ƙasa da haka. Rawa daban ce, domin ko da hannu ka juya za ka ga bakin cok yana matsowa yana komawa.

Cire wuta daga soket kafin ka taɓa komai. Sauke katako, ka kwance cok. Kama shaf ka ɗaga sama, ka danna ƙasa, ka ja shi gaba da baya. In ka ji motsi ko ƙwas-ƙwas, boris ya ci, kuma babu abin da za ka yi wa cok da zai raba shi da rawa sai an canja boris. In babu motsi, matso da majinginin kurfi kusa, ka kwantar da fensir a kansa har bakinsa ya kusa taɓa shaf, sannan ka juya shaf da hannu a hankali. Fensir ya taɓa wuri ɗaya ya bar sauran? To shaf ya lanƙwashe, wannan aikin makaniki ne. Wanda ke da agogon awo mai nuna 0.01 na milimita ya fi samun tabbaci, amma fensir ya isa ya nuna babban laifi.

Yanzu ka dubi kafaɗar shaf, wato fuskar nan mai santsi da ke bayan tiredi, zaren da ake murɗa cok a kansa. A nan matsalar ta fi ɓuya. Tiredi jan cok kawai yake yi, kafaɗar ce ke miƙar da shi. Ɗan garin katako da ya daskare da mai, ko tsatsa, ko ƙwarzanen da faɗuwa ta bari, ya isa ya karkatar da cok. Karkatar da ido ba ya gani a gindi takan zama rawa bayyananniya a bakin akushi, saboda kuskuren yana ƙaruwa da nisa. Goge kafaɗar da bayan cok da tsumma da ɗan kananzir, ka bi ramukan tiredi da tsohon buroshin haƙori. Wasu kan sa washar roba don kada cok ya ƙi kwancewa. Cire ta ka gwada, domin roba ba ta matsuwa daidai ta kowane gefe. Mayar da cok da hannu har ya zauna, ka leƙa da tocila, kada ka ga haske tsakaninsa da kafaɗa.

Tabbatar kuma tiredin ya dace. Akwai mai kaurin inci 1 da zare 8 a kowane inci, akwai inci 1¼ mai zare 8, akwai na awon milimita M33 x 3.5. Cok da yawa suna da adafta a bayansu, wato ƙarfen da ke haɗa cok da tiredin shaf, kuma ita ma tilas ta shige har ƙarshe kafin a ɗaure ƙaramin sukurun da ke riƙe ta. Adafta mai arha tana iya zama tushen rawar gaba ɗaya.

Sai haƙora. A yawancin cok kowane haƙori yana da lamba daga 1 zuwa 4, kuma yana da mazauninsa mai lamba iri ɗaya. Kwance su, share ƙarƙashinsu, mayar da kowanne gidansa. Ɗaura sukurori sako-sako, rufe cok har haƙoran su haɗu su daidaita kansu, sannan ka ƙarasa ɗaurewa da alanki.

In duk wannan ya yi kyau amma katako na rawa, duba wuyan da ka yanka masa don cok ya kama. Kada wuyan ya yi tsawon da zai taɓa ƙasan cok. Kafaɗarsa ce za ta kwanta a saman haƙora, don haka a yanka ta tsaf, babu tudu a kusurwa. Karkatar wuyan ta bi karkatar haƙoran. Faɗinsa ya ɗan fi na haƙora a rufe kaɗan, domin in an buɗe su sosai, da kusurwoyi kawai suke kamawa. Ɗaure da makulli a duk ramukan da cok ke da su.

Ɗanyen itace yana lotsawa a ƙarƙashin haƙora, saboda haka tsayar da inji bayan 'yan mintoci ka ƙara ɗaurewa. Busasshen maɗaci ko ƙirya ba su cika yin haka ba. Kafin ka sauke aikin da ba ka gama ba, yi alama da fensir a jikin katako daidai haƙori na 1, don ka mayar da shi yadda yake. Idan akushin ya kwana biyu yana bushewa, wuyan zai tashi daga da'ira, sai ka sake gurzarsa tsakanin tsinin gaba da na baya na inji, masu riƙe katako ta ɓangarori biyu, kafin ka ba cok ya kama.