Darasi: Shirya Idon Sawu Kafin Farauta a Ƙasar Duwatsu

Ƙasar Maraɗi shimfiɗaɗɗiya ce, mafi yawanta rairayi, mutum yana iya tashi daga Tibiri ya yini yana tafiya bai hau wani tudu na kirki ba. Amma mafaraucin da ya nufi Adar, wajen Buza ko Kaita, zai tarar da fako da tsakuwa da gangare mai tsauri, balle duwatsun Azbin da ke arewa da Agadas, inda ƙololuwar Bagazam ta haura mita 2,000. A irin waɗannan wurare, idon sawu yakan riga numfashi gazawa.

Dalili kuwa shi ne, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ƙafa gaba da baya ta fi yin motsi. A kan dutse dole ta karkata hagu da dama a kowane taku, kuma yawancin targaɗe yana faruwa ne idan tafin ƙafa ya juya ciki, jijiyoyin gefen waje suka miƙe fiye da kima. Saukowa ta fi hawa haɗari, musamman da yamma, lokacin da gajiya ta kama mutum ga kuma kaya a kafaɗa.

Aikin farko, wanda a ganinmu ya fi sauran muhimmanci ko da yake mutane suna raina shi, shi ne tsayuwa da ƙafa ɗaya. Ka cire takalmi, ka tsaya kusa da bango, ka ɗaga ƙafa guda har daƙiƙa 30, sannan ka sauya. Za ka ji yatsunka suna kama ƙasa, idon sawun yana rawa kaɗan-kaɗan. Wannan rawar ita ce horon, domin da ita jiki yake koyon gyara taku kafin ƙafa ta gurɗe. Idan ya yi sauƙi, ka rufe ido, daga baya ka koma kan matashin kai ko naɗaɗɗiyar tabarma.

Bayan haka sai dokin ƙofa. Ka ɗora gaban ƙafafunka a kansa, diddige yana lilo, ka yi ɗage, sannan ka sauko a hankali ƙwarai, sau 15, ka huta, ka maimaita har zagaye uku. Saukowar ce ke ƙarfafa agara da sha-raɓa, kada a yi mata gaggawa. Domin gefen waje kuma, a yanki robar cikin tayar babur, a ɗaura a gindin turke, a zura ƙafa ana tura ta waje.

Gangare ma ba a rasa shi gaba ɗaya ba. Gaɓar Gulbin Maraɗi da rani tana da wuraren hawa da sauka, haka nan gonar da aka yi wa huɗa, idan an kau da hatsi, ana iya ratsa kunyoyinta a gicciye. A yi wannan da takalmin da za a tafi daji da shi, sau-ciki mai kama ƙafa, ba silifa ba, ana ƙara nauyin jaka mako-mako. A fara aƙalla makonni shida kafin tafiya, kwana uku ko huɗu a mako.

Wanda ya taɓa targaɗe ya fi kowa bukatar wannan horo, domin ƙafar da ta gurɗe sau ɗaya takan sake. Idan kuwa aka ji ciwo har mutum ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko ƙashin idon sawun yana zafi idan an danna, a je likita a ɗauki hoto kafin a kai wa mai ɗori.