Yadda za a taimaki ƙaramin manomi ya riƙe irin gida kar ya ɓace

Jama'a duk shekara in damina ta kawo kai zaka ga ƙungiyoyi da 'yan siyasa da 'yan uwanmu na birni ana loda buhunan iri a mota a kai ƙauye a raba, a ɗauki hoto a saka a Facebook, kuma ba laifi bane, taimako ne. Amma in ka ba manomi iri guda ɗaya kyauta shekara uku a jere, to a ta huɗu ka tambaye shi ina kaurar da babansa yake shukawa ko maiwar da ake sawa a gonar bayan gari, zai ce maka ai ta ƙare. Ba wanda ya ƙwace ta, daina shukawa kawai akayi, shi kuwa iri in ya daɗe a rumbu ba'a mayar da shi ƙasa ba mutuwa yake.

Wani zai ce to meye in ya ɓace, ba ga sabo mai yawan yabanya ba? Toh a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta shiga gonakin arewacin Najeriya ta yi ɓarnar da har yau dattawa suna ba da labari, kuma maganin da masu bincike suka dogara da shi shine gyaɗar da take jure cutar, wadda asalinta daga gonakin manoman Afirka ta Yamma aka samo. Haka wuta-wuta da take cinye wake, wani waken gargajiya ne na manoman Botswana da masana suke kira B301 aka samu yana jure mata, aka yi ta haɗa shi da wasu har aka fitar da irin da muke shukawa yau. Kaga kenan sabon irin ma daga tsohon yake fitowa. Eh akwai ɗakunan sanyi, cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan suna ajiye da nau'in wake sama da 15,000, cibiyar binciken noma ta ICRISAT ma suna da nasu a Sadore kusa da Yamai, har can ƙasar Norway akwai rumbun iri na Svalbard da aka buɗe a 2008 cikin dutsen ƙanƙara. Amma irin da ke cikin firji baya sanin cewa damina ta fara zuwa a makare, wanda ke gona shine yake sabawa da ita shekara bayan shekara.

To ga yadda za'a yi, kuma abin farko shine ka je da littafi da biro, buhu ya jira tukuna. Ka zauna da dattawan gari ka ce Baba wane irin dawa kuke da shi a garin nan, wanne kuka daina gani, zaka sha mamaki. Za'a lissafo maka kaura mai ƙwaya rawaya manya, da farafara ta tuwo, da jar dawa, a gero a ce maka ga gero mai saurin nuna ga maiwa mai jinkiri ga dauro da ake dasawa, a wake a ce kanannado da ɗan ila da aloka. In Borno ne za'a kawo maka zancen masakwa da ake dasawa a ƙasar firgi bayan ruwa ya janye. Kar ka tsaya a suna kawai don suna yana yaudara, abu ɗaya zai iya zama da suna biyu a garuruwa biyu, ka tambaya yaushe yake nuna, jigawa yake so ko fadama ko laka, ya yake da fari, tsuntsu na damunsa ko a'a, me ake yi da shi. Misali kanannado in ka auna shi da buhu kawai zaka ce ɓata gona ne saboda yana daɗewa, amma mai shi yana kallon harawar da tumakinsa zasu ci har bazara.

Kuma don Allah kar a tsaya a dandalin maza. A samu mace a cikin tafiyar ta shiga cikin gida ta gaida su Inna da su Goggo, don kuɓewa da yakuwa da rama da karkashi da gurjiya da riɗi galibi a hannunsu irin yake, a ƙulle a tsumma ko a cikin tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Su ne kuma suka san wane gero ne yake yin fura mai danƙo wanne ne yake saki in ya kwana.

In an gama lissafi zaka ga wani irin kowa na da shi, wannan a bar shi baya buƙatar komai. Wanda za'a sa wa ido shine wanda ya rage a hannun mutum ɗaya ko biyu. Shi wannan mutumin shi za'a fara tallafa wa, a roƙe shi ya ware kunya kaɗan ya ninka shi a daminar bana, ƙungiya ta ɗauke masa kuɗin taki ko a yi masa gayya ranar noma, kuma tun kafin shuka a yi magana cewa in ya girbe za'a saya a farashin da ya fi na kasuwa. Kar a ce ya yi don kishin al'ada, mutumin da ke lissafin abin da zai kai iyalinsa watan bakwai bai da sararin wannan.

Zaɓen iri kuma a gona ake yinsa tun hatsi na tsaye, ba a masussuka ba, nan ne mutane da yawa suke kuskure. In an riga an tara dami an sussuke to mai kyau da mara kyau sun haɗe. Ana shiga gona ne sati ɗaya ko biyu kafin girbi a bi ta tsakiya a bar gefe-gefe, a duba karan da ya tsaya bai kwanta ba, zangarniyar ta cika har baki, ba burtuntuna ba ramin tsutsa, sai a ɗaura mata ƙyalle. Ranar girbi su za'a fara yankewa a ɗaure daban. Shibra kuwa a cire ta tun kafin ta yi bununi don ita ke lalata gero. Sannan a kula da wannan, gero da masara iska ce take haɗa su da na maƙwabci, shi yasa a ɗebi zangarniya da yawa, ɗari zuwa sama in da hali, in ka ɗebi biyar kawai don sun fi girma bayan 'yan shekaru irin zai ƙanƙance, kuma a nisanta gonar iri da wani gero daban ko a bambanta lokacin shuka. Dawa da sauƙi, wake da gyaɗa ma sun fi sauƙi, su yawanci a kwano da buhu suke cakuɗewa.

Shanya a inuwa mai iska ko a rana a kan tabarma, banda kan kwalta da kwanon rufi da tsakar rana don zafin yana kashe idon iri ko da ƙwayar ta yi kyau a ido. Gwajin bushewa ba wuya, ka ciza in ta fashe ƙas to ta bushe. Ko ka samu kwalba busasshiya ka zuba gishiri busasshe da ɗan hatsin ka rufe ka girgiza ka bari ya ɗan jima, in gishirin ya manne a jikin kwalba akwai sauran danshi, a mayar shanya.

Ajiya kuma gero da dawa sun fi son a bar su a zangarniyarsu a rataye ko a saman rumbu, gyaɗa a bar ta a ƙwansonta sai dab da shuka. Wake ne mai rigima saboda ƙwari. Tsohuwar dabara ta cakuɗa shi da toka ko yashi mai laushi a tukunya tana aiki har yanzu in kaɗan ne. In da yawa a samu jarka mai murfi a wanke ta bushe a cika ta taf a rufe gam, ko buhun PICS ɗin nan mai leda biyu a ciki da buhu a waje wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, kowace leda a matse iskar a ɗaure ta daban, kuma kar a dinga buɗewa ana leƙawa don rashin iskar ne yake kashe ƙwarin. A rubuta suna da shekara a takarda a jefa ciki, wata a manna a waje. Irin da aka shafa wa magani kuwa a nisanta shi da abinci da yara, wannan ba wasa.

Kafin ruwan farko a ƙirga ƙwaya 100 a jera a jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsumma a naɗe a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa, bayan sati a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun kai 80 ko fiye Alhamdulillah, in sun yi ƙasa sosai a ƙara yawan ƙwaya a rami ko a nemi wani tun da wuri, musamman masu yin binne.

Daga nan sai maganar rumbun iri na gari, mutanen Nijar sun san bankin cimaka, to wannan daban ne, na shuka ne ba na ci ba kuma dole a faɗi haka a gaban kowa tun ranar farko, don in yunwa ta matsa a watan bakwai idon kowa a kansa zai kasance. Ba sai an gina wani ofis ba, ɗaki ɗaya mara yoyo da kanta da jarkoki da littafi ya isa. A raba kowane iri gida biyu a ajiye a wuri biyu saboda gobara da ambaliya. Makulli kar ya zauna a hannun mutum ɗaya, kuma a sa mata a kwamitin da gaske ba don cika takarda ba. A wasu wuraren tsarin shine ka ari mudu ɗaya ka dawo da biyu, amma mu a nan sai an yi hattara, a zauna da liman tukuna don bashin hatsi da ƙari zance ne na riba. Abin da ya fi sauƙi kowa ya dawo da daidai abin da ya ara, sannan duk ɗan ƙungiya ya kawo gudummawar kaka ko ya ara ko bai ara ba.

Kuma ni ban ce a ƙi sabon iri ba fa. Geron SOSAT da aka samu a Najeriya ta hannun cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, geron HKP da ake shukawa a Nijar, su waken SAMPEA da gyaɗar SAMNUT da dawar SAMSORG na cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru, sun ceci mutane a shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri. Yadda za'a kawo shi ne abin dubawa, a shuka shi kunya kaɗan gefe da gefe da na gida a gona ɗaya taki ɗaya, a kira mutane su gani lokacin fitar kai da lokacin girbi, sannan a dafa duka biyun a ci, maigida ya faɗi nasa uwargida ta faɗi nata. Sau da yawa zaka ga sun ɗauki duka biyun, mai sauri don tare yunwa, mai jinkiri don rumbu da kara. A kuma gaya musu gaskiya in irin haibirid ne, musamman masara, cewa wannan in aka ajiye aka sake shukawa baya bada abin da ya bayar da farko, saye ake duk shekara.

Ku kuma na birni aikinku a nan ya fi na kowa sauƙi, ku saya ku ci. In zaka aika a sayo maka hatsi ka kira shi da sunansa, ka ce kaura nake so ko maiwa ko acca ko gurjiya, ka biya ɗan ƙarin ba tare da ciniki mai tsawo ba. Mai fura da mai masa da mai ƙosai a unguwa in suka samu wanda ya fi musu daɗin aiki zasu riƙa nema da kansu, a haɗa su da ƙungiyar kai tsaye kafin kayan ya shiga babbar kasuwa irin Dawanau inda galibi fari da ja kawai ake tambaya. Sau ɗaya a shekara bayan kaka a sa ranar baje iri a filin makaranta, garuruwan kusa kowa ya zo da nasa a faranti a yi musaya.

In kuma an gano wani irin da ya kusa ƙarewa a yankin gaba ɗaya, a bi ta hannun malamin gona a kai samfur cibiyar adana iri ta ƙasa NACGRAB a Ibadan ko IAR, a Nijar kuma cibiyar binciken noma ta INRAN, amma a rubuta sunan garin da sunan da manoma suke kiransa a ajiye kwafin takardar a littafin ƙungiya. Yarjejeniyar duniya kan irin shuka ta 2001 a sashe na 9 ta yi maganar haƙƙin manoma a kan irin da suka raya. Ta hannun malamin gonan kuma ana iya tambayar waɗannan cibiyoyin ko suna da wani tsohon iri da aka taɓa ɗiba a yankinku, in an dace su ba da 'yan ƙwayoyi kaɗan a ambulan, sai a ba wanda ya fi kowa hannun noma ya ninka shi daminar farko kafin a raba.