Ƙanwata mai son kokawar zamani, ga yadda ake fara ta har a kai Olamfik

Tun ranar da 'yar kokawar Najeriya Blessing Oborududu ta ci lambar azurfa a Olamfik ɗin Tokyo a watan Agustan 2021 nake jin 'yan mata suna cewa su ma fa suna so, to amma in ka tambaye su wace irin kokawa ce sai ka ji wata ta kawo maka ta talabijin ɗin nan da ake tsalle daga kan igiya ana rotsa wa juna kujera. Ba ita bace ƙanwata. Waccan wasan kwaikwayo ne, an riga an tsara wanda zai ci. Wadda nake miki magana ita ce wadda ake kira firistayil, ta kan katifa, da alƙalin wasa da agogo da maki, kuma ita kaɗai ce kokawar da mata ke yi a Olamfik, tun daga gasar Athens ta 2004 da aka fara saka su da ajin nauyi huɗu kacal. Gasar duniya ta mata kuwa ta riga wannan, a 1987 aka fara ta a ƙasar Norway.

Abu na farko, ki ajiye abin da kika sani na kokawar gargajiya a gefe. A tamu ta filin yashi, irin wadda ake cin takobi a Nijar, da zarar an kai mutum ƙasa shikenan makaɗa su ɗauka, wasa ya ƙare. A nan kuwa faɗuwa ƙasa maki biyu ne kawai, sannan ma aiki ya fara. Turmi biyu ake yi, kowanne minti 3, da hutun daƙiƙa 30 a tsakani, a cikin da'ira mai faɗin mita 9. Kika kai abokiyar karawarki ƙasa kika hau bayanta, maki 2. Kika juya ta bayanta ya kalli katifa, wasu 2. Kika ture ta ta taka wajen da'ira, maki 1. Kika ɗauke ta daga tsaye kika yar da ita ta baya, maki 4, in kuma jifan ya yi sama sosai irin mai sa 'yan kallo miƙewa, 5. In kika ba ta tazarar maki 10 alƙali zai tsayar da wasa, kin ci. In kuma kika danne kafaɗunta biyu a katifa, to ko tana gabanki da maki nawa ne, magana ta ƙare.

Ki riƙe wannan na ƙarshen da kyau, don ya taɓa cin 'yar ƙasarmu. A wannan Tokyon dai, Odunayo Adekuoroye tana gaban Anastasia Nichita ta Moldova da 8 da nema, saura maki biyu a tashi wasa, kowa ya saki jiki, sai kawai aka juye ta aka danne. Mace da ta je da sa ran lamba ta fita tun a karawar farko. Wallahi har yau in na tuna sai na ji wani iri.

Akwai kuma dokar ƙin kai hari. In alƙali ya ga kina ta ja da baya kina kare kai kawai, zai miki kashedi, in kika maimaita a saka miki agogon daƙiƙa 30, ba ki ci maki a ciki ba a ba abokiyar karawarki 1. In an tashi kunnen doki ba a ƙara lokaci, ana duba wadda ta yi kamu mafi tsada, sai wadda ta fi ƙarancin gargaɗi, sai wadda ta ci makin ƙarshe. Ki haddace wannan tun kina sabuwa, don akwai masu zaton suna gaba alhali su ne a baya, sai an busa su ga an ɗaga hannun wata.

Toh ina za ki fara? Ba a ɗaki ba, ba kuma da bidiyon YouTube ke da ƙanwarki a kan siminti ba, wuyanki guda ɗaya ne. Ki je hukumar wasanni ta jiharku, galibi ofishinsu yana cikin sitadiyam, ki tambayi kocin kokawa. Gaskiyar magana a jihohinmu na arewa za ki iya tarar da 'yan kokawa maza amma babu mata, ko babu katifar ma gaba ɗaya. In haka ne ki duba ko akwai judo, domin can ma za ki koyi faɗuwa da riƙo da daidaita ƙafa, ya fi zaman jira. Cibiyar kokawar mata a Najeriya kudu take, musamman Yenagoa a Bayelsa da Akure a Ondo. Blessing 'yar Bayelsa ce, Odunayo 'yar Ondo. Daniel Igali, wanda ya ci wa Kanada zinare a Sydney a 2000 kuma ya taɓa shugabantar hukumar kokawa ta ƙasa na tsawon shekaru, shi ma ɗan Bayelsa ne, shi ya sa harkar ta yi saiwa a can.

Kafin ki taka katifa, ki gama da gida. Kar ki yi ta a ɓoye. Ki zauna da Baba da Umma ki nuna musu wasan a waya su ga mace da mace ne ke karawa, ba duka, ba naushi, ba shaƙe wuya, ba murɗe gaɓa. Kuma ba ke kaɗai ce za ki sha wannan ba, ita kanta Blessing da Odunayo iyayensu da farko ba su so ba, gani suke wasan maza ne. In da hali Umma ko wata yayarki ta raka ki ranar farko ta ga wurin da idonta, ta san waye kocin, ta san ko akwai wasu mata. Wurin da za a ce ke kaɗai ce mace kuma koci yana son ki riƙa zuwa lokacin da babu kowa, ki ɗauki jakarki ki tafi, ko waye shi.

Maganar kaya kuma ba zan ɓoye miki ba, ita ce babbar matsalar da yawancinmu za su ci karo da ita. A wajen atisaye kina iya saka dogon wando da riga mai dogon hannu ki ɗaure kanki, ba mai hana ki. Amma a gasar da hukumar kokawa ta duniya ke shiryawa singileti ne mai kama jiki, ja ko shuɗi, hannu a waje, ya tsaya wajen gwiwa. Akwai 'yan ƙasashen Musulmi da suka yi nisa a ciki, Marwa Amri ta Tunisiya ta ci tagulla a Rio a 2016, ita ce ma mace ta farko daga Afirka da ta ci lambar kokawa a Olamfik, ga Yasemin Adar ta Turkiyya da Aisuluu Tynybekova ta Kirgistan da suka ci lambobi a Tokyo. Amma wannan shawara ce tsakaninki da zuciyarki da gidanku, kuma gara ki yanke ta tun yanzu, da ki yi shekara uku kina gumi sannan a ce ga singileti ki tsaya cak.

Watannin farko ba daɗi, in faɗa miki. Ba za a koya miki wani jifa mai ban sha'awa ba, tsayuwa za ki yi ta yi, gwiwa a lanƙwashe, baya a miƙe, kai a sama, hannu a gaba, ki yi gaba ki yi baya ki yi gefe ba tare da ƙafafunki sun harɗe ba, har cinyoyinki su riƙa rawa. Sai mirgine-mirgine da koyon faɗuwa. Sai gantsarewa, wato ki kwanta rigingine ki ɗaga jikinki a kan tafin ƙafa da kai, wannan shi ke gina wuya kuma shi ne zai cece ki ranar da aka juya ki ana neman danne kafaɗa. Daga nan sai kamun ƙafa ɗaya da kamun ƙafa biyu, ki sauke jiki, ki shiga da gwiwa, kanki manne da jikinta ba ki kalli ƙasa ba, ki tuƙa ta. Da maganinsa, in ta kawo hari ƙafarki ki watsa ƙafafun baya ki sauke mata nauyin ƙugunki a kafaɗa. A ƙasa kuma abu biyu ne ke tara maki da sauri, rungumar ciki a mirgina da ita, da harɗe mata ƙafafu a yi ta juyawa, wanda in ya kama da kyau sau huɗu a jere bayan kin kai ta ƙasa wasa ya ƙare kenan. Kar ki yi kwaɗayin dabaru ashirin. Ki zaɓi hari biyu ki maimaita su har sai jikinki na yin su ba tare da kin yi tunani ba. Saori Yoshida ta Japan, mai zinare uku na Olamfik da kambun duniya 13, kowa ya san ƙafa za ta kawo wa hari, amma an yi shekaru an kasa tare ta.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, sikeli. Ajin nauyi na mata a Olamfik shida ne, kilo 50, 53, 57, 62, 68 da 76, a gasar duniya da ta Afirka ana ƙara 55, 59, 65 da 72. Ana awo da safiyar ranar wasa, in kuma kin kai rana ta biyu a sake auna ki. A Paris a 2024 Vinesh Phogat ta Indiya ta yi abin da ba a zata ba, ta kayar da Yui Susaki ta Japan wadda ta ci zinare a Tokyo ba tare da an ci ta ko maki ɗaya ba, ta kai wasan ƙarshe a kilo 50, da safe ta hau sikeli aka ga ta haura da giram 100. Giram ɗari fa, ko ledar fiya wata ta fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Aka cire ta, ba zinare ba azurfa, bayan ta kwana tana gumi har gashi an rage mata. To ki zaɓi ajin da ya yi kusa da nauyinki na gaskiya, ki sayi sikeli ki riƙa hawa kullum da safe kina rubutawa a littafi, za ki ga yadda jikinki ke ƙara nauyi kwanakin al'ada, ki san nawa ne don kar ya zo miki ba shiri ranar gasa. Yarinyar da ba ta gama girma ba kuwa ba ta da abin yi da rage kilo, ta ci ta ƙoshi ta hau aji na gaba. Abinci ba sai na kanti ba, wake, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa, zogale, hanta saboda jini, da ruwa mai yawa. Lokacin azumi ki mayar da atisaye mai nauyi bayan shan ruwa.

Kuma don Allah ki rabu da shayin rage tumbi da ƙwayoyin da ake tallatawa a WhatsApp. Magungunan da ke sa yawan fitsari haramtattu ne a wasanni, tiramadol ma an haramta shi a lokacin gasa tun daga Janairun 2024, kuma dokar ita ce duk abin da aka samu a fitsarinki ke ce da alhaki, ba ruwansu da cewa mai kemis ne ya ba ki ko goggonki ce ta haɗo miki. Ko maganin mura ne ki nuna wa likitan tawaga tukuna.

Tsafta ma aiki ce. Ki yanke farce, ba ɗan kunne ba zobe ba shafa mai a jiki ranar wasa, ki yi wanka da sabulu da zarar kin sauka daga katifa don makero na yawo a wurin sosai, kuma ana duba fata kafin awo, an gan shi za a iya hana ki wasa. Kunne in ya kumbura bayan gogayya ki je a zuƙe shi da wuri, in kin bari ya daskare haka zai zauna har tsufa. Gwiwa in ta yi ƙara ta kumbura, asibiti, ba mai ɗori ba.

Tsanin hawa kuwa a bayyane yake. Gasar matasa ta ƙasa, sai gasar wasanni ta ƙasa da jihohi ke haɗuwa, in kin yi fice a kira ki sansani, sai gasar Afirka, ta Commonwealth, ta duniya. A matakin duniya akwai rukunin 'yan ƙasa da 17, 20 da 23 kafin na manya, shi ya sa takardar haihuwarki da fasfo su zama shekara ɗaya suke faɗa, kar wani ya ce miki a rage biyu. Ki kuma san cewa in wadda ta kayar da ke ta kai wasan ƙarshe, ana dawo da ke ki nemi tagulla, don tagulla biyu ake bayarwa a kowane aji, saboda haka in kin faɗi kar ki ruga ki cika ciki da shinkafa da lemo, ƙila gobe da safe sikeli na jiranki.

Abin yana cin shekaru. Blessing ta je London a 2012 ta dawo hannu wofi, ta je Rio a 2016 haka, sai a zuwa na uku tana da shekara 32 ta kai wasan ƙarshe a kilo 68, Tamyra Mensah-Stock ta Amurka ta ci ta 4 da 1, kuma wannan azurfar ita ce lambar kokawa ta farko da Najeriya ta taɓa samu a Olamfik. Ta koma Paris ta faɗi a wasan neman tagulla. Odunayo ta ci zinaren Commonwealth sau uku, 2014, 2018 da 2022, da azurfar duniya a 2017, amma lambar Olamfik ba ta zo mata ba.

Kuɗi fa? Kaɗan ne, kuma alawus kan yi jinkiri. Mafi yawa abin da ke riƙe 'yan wasa shi ne aikin hukumar wasanni ta jiha ko na hukumomin kaki da ke da tawagar wasanni, sai ɗan abin da ake samu in an ci lamba. Shi ya sa ba zan yarda ki ajiye makaranta ba, Blessing da duk wannan tafiye-tafiyen ta yi digiri a jami'ar Neja Delta. Ga kuma ƙofar da ta buɗe a Amurka inda kwalejoji da yawa suka kafa tawagar kokawar mata suna neman 'yan wasa da masu horarwa, amma sai da sakamakon WAEC ko NECO mai kyau da Turancin da za ki iya zama a aji. In kin samu dama ki yi kwas ɗin alƙalanci ko na koci tun kina wasa, musamman ke da kika fito daga arewa, don iyaye da yawa da za su ce a'a in namiji ne zai koyar da 'yarsu, in suka ga mace ce a kan katifar za su iya cewa to a gwada.